Abubakar Imam: Marubucin da ake karantawa da ƙuruciya, a dawo masa da furfura

Da wuya a samu wanda ya yi karatun boko a ƙasar Hausa bai taɓa riƙe Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ba. Galibi ana fara karanta su ne a firamare, ana dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ramuwar gayya. Sai mutum ya manyanta ya sake buɗe su, ya tarar akwai abin da ƙuruciya ta hana shi gani. Rayuwar wanda ya rubuta su na bayyana dalilin hakan.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Ya tashi a gidan malamai, ya yi karatun allo da na littattafan Larabci, sannan ya shiga Kwalejin Katsina. Da ya gama, sai ya fara koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Yana wannan aiki ne a 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, labarin wani matashi da ya bazama duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har ya ratsa ƙasar aljannu. Gasar ce kuma ta fito da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin Imam bai wuce shekara 22 ba. Yaro kan bi labarin ne don aljannu da barkwanci. Babba kuwa shi ke lura da abin da ya fitar da Alhaji daga gida tun farko: an kunyata limamin da ya riƙe shi a gaban fada, shi kuma ya ƙudura sai ya wanke masa wannan kunya.

Ganin basirarsa ya sa East ya nemi a kawo shi Zariya a 1936 domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu. Daga nan aka samu Magana Jari Ce, kundi uku. Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fada da kasuwa irin na ƙasar Hausa, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu.

A littafi na farko, aku ne ke ta jero labarai don ya hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita daga gida, saboda Waziri ya ƙulla masa makirci. Ɗan firamare na ƙosawa a wuce wannan a shiga labari na gaba. Wanda ya yi aiki, ya ga hassada da cin amana, ko ya haifi ɗan da ba ya jin magana, shi ne ke gane cewa kowane labari da akun ya bayar rai yake ƙoƙarin cetowa, kuma ba shi da makami sai bakinsa.

Irin wannan aiki Imam ya yi a zahiri. A 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda ya shafe shekaru yana isar da koken talakawa ga mahukunta cikin lafazin da ba zai sa a toshe kunne ba. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya bayyana masa matsalolin mulkin Arewa. Labarin wannan tafiya ne ya rubuta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga siyasa na ɗan lokaci, ya kuma yi aiki a Hukumar Kula da Ma'aikata.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. Har yau ana buga littattafansa, ana koyar da su tun daga firamare har jami'a. Da yawa daga cikin masu saya wa 'ya'yansu yanzu sukan tsaya su karanta kafin su miƙa, su tuna malamin da ya fara karanta musu a aji da abokan zaman benci da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.