Kapitan Charles N'Tchoréré: uba da ɗa da yaƙin 1940 ya cinye

A arewacin Faransa, kusan kilomita 30 yamma da birnin Amiens, akwai wani ƙaramin gari mai suna Airaines. A nan aka kafa dutsen tunawa a 1965 da sunan wani baƙar fata ɗan ƙasar Gabon, Kapitan Charles N'Tchoréré, da sojojin Afirka da suka kare garin a watan Yuni na 1940. Bayan ƴan awoyi da kashe shi, aka kashe ɗansa Jean-Baptiste a wani ƙauye na wannan yanki na Somme. Ta haka gida ɗaya a Libreville ya rasa uba da ɗa cikin kwana biyu.

An haifi Charles N'Tchoréré ranar 15 ga Nuwamba 1896 a Libreville, cikin ƙabilar Mpongwe. Ya yi karatu a makarantar mishan, sannan ya tafi Kamaru, wadda a lokacin take hannun Jamus, ya yi aiki a harkar kasuwanci. Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914 sai ya koma gida. A 1916 ya shiga rundunar tirayar, wato sojojin da Faransa take kira ƴan Senegal, alhali daga ƙasashe da yawa ake ɗebo su: Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali a yau, Gine, Dahomey, Nijar, Cadi da sauransu. Kafin ƙarshen yaƙin ya kai muƙamin sarjan.

Da aka sallami takwarorinsa, shi ya zaɓi ya zauna cikin kaki. Ya yi aiki a Maroko, daga nan aka tura shi makarantar hafsoshi ta Fréjus a kudancin Faransa, inda ya fito na ɗaya a ajinsu a 1922. A wancan zamani ɗan Afirka da ya sa galan hafsa abin nuni ne da yatsa, kuma muƙaminsa na “ɗan ƙasa” ne, ƙasa da na Bature mai gala iri ɗaya. An kai shi Siriya, inda aka yi masa mummunan rauni a muƙamuƙi lokacin tawayen Druze na 1925, aka ba shi lambar yabo ta yaƙi. Mutanen da ya yaƙa a Maroko da Siriya su ma mulkin mallaka suke ƙi, kuma wannan yana cikin tarihinsa kamar yadda yake cikin tarihin duk tirayar.

Bayan ya warke sai aka mayar da shi Afirka ta Yamma. Ya zauna barikin Kati, kusa da Bamako, yana kula da horon matasa. A 1933 ya zama kapitan, aka ba shi shugabancin makarantar yaran soja ta Saint-Louis a Senegal. Ita ce yau ake kira Prytanée militaire Charles N'Tchoréré. Ta Kati da Saint-Louis ɗin nan ne Seyni Kountché ya bi yana yaro, kafin shi ma ya je Fréjus, kamar hafsoshi da yawa da suka kafa rundunonin ƙasashensu bayan 1960.

Lokacin da yaƙi ya sake tashi a 1939, N'Tchoréré yana da kusan shekara 43, da tabon Siriya a fuska. Duk da haka ya nemi a tafi da shi tare da ƴan sa-kai na Gabon. Ɗansa Jean-Baptiste ya riga ya bi sawunsa, yana kaporal a wata rundunar ƙafa ta sojojin mallaka. Gab da ɓarkewar yaƙin uban ya rubuta masa wasiƙa, ya nuna masa alfaharinsa da ƙarfin zuciyar da ya gani a cikin saƙonsa, ya kuma bayyana imaninsa cewa hidimar da suke yi za ta jawo wa na bayansu daraja.

Bayan ɗan zama a wani sansani kusa da Bordeaux, aka ba shi kampani ta 7 a rejiman ta 53, wadda ta haɗa Turawa da ƴan Afirka. Ranar 5 ga Yuni 1940 sojojin Jamus suka ƙetaro kogin Somme da tankoki da jirage. Umarnin da aka ba masu tsaron Airaines shi ne su riƙe garin ko da an kewaye su. Kampanin N'Tchoréré ta kafe a wasu gidaje na bakin gari. Kwana uku ana ruwan bama-bamai, gari yana cin wuta, su kuma suna mayar da hari bayan hari. Da sauran bataliyar ta nemi ɓalle ƙawanya, su ne suka tsaya a baya suna kare ta. Ranar 7 ga Yuni harsashi ya ƙare, mutum kamar 15 suka rage, kapitan ya fito da su suka miƙa wuya.

Nan take Jamusawa suka shiga ware fursunoni, farare gefe ɗaya, baƙaƙe gefe ɗaya. N'Tchoréré ya ƙi rabuwa da hafsoshi ƴan uwansa. Ya dage a kan cewa shi hafsa ne, kuma yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta ba shi haƙƙin fursunan yaƙi kamar kowa. Sai aka harbe shi a ka a gaban mutanensa. Waɗanda suka ba da labarin ranar sun ce tanka ta bi ta kan gawarsa. Kashegari, 8 ga Yuni, Jean-Baptiste ya faɗi a Remiencourt, kudu da Amiens.

Kisan Airaines yana cikin jerin wasu da yawa. Tun shekarun 1920, lokacin da Faransa ta girke sojojin Afirka a yankin Rhin, farfagandar Jamus take nuna su a matsayin dabbobi, kuma gwamnatin Nazi ta sake hura wannan wuta a 1940. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa an kashe sojojin Afirka tsakanin 1,500 da 3,000 bayan sun ajiye makamai a watannin Mayu da Yuni na wannan shekara. A Chasselay, kusa da Lyon, an yi irin wannan kisa ranakun 19 da 20 ga Yuni, kuma maƙabartarsu mai jan gini tana nan.

Darajar da kapitan ya sa rai za a ba na baya ta yi jinkirin zuwa. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirayar da suka dawo daga bauta a hannun Jamus suna neman kuɗinsu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suke karɓar ƴanci, aka ɗauki kusan shekara 50 kafin a daidaita shi da na Faransawa. Zawarawa da marayu ne suka fi ji a jika.

N'Tchoréré ya samu abin da mafi yawan tirayar ba su samu ba: sunansa bai ɓace ba. Gabon ta buga tambarin wasiƙa da hotonsa a 1962, akwai gunkinsa a Libreville, kuma ana taron tunawa da shi a Airaines. A Damagaram, Maraɗi da Tawa kuwa, akwai gidajen da kakansu ya tafi wannan yaƙi bai dawo ba, abin da ya rage musu shi ne tsohuwar takardar soja ko lambar yabo a ƙasan akwati. Ma'aikatar tsaron Faransa ta sa katunan matattun yaƙe-yaƙen biyu a shafinta na intanet mai suna Mémoire des hommes, inda ake nema da suna da wurin haihuwa. Sau da yawa magatakardan bariki sun rubuta sunayen yadda kunnensu ya ji, don haka mai neman kakansa sai ya gwada rubutun ta hanyoyi da dama.