Nana Asma'u: Malamar Malamai

Ni ɗan Wonaka ne. A wurin kakata na fara jin sunan Nana Asma'u, lokacin da take rera waƙoƙin wa'azi tana kaɗi. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san farillan alwala da tarihin Annabi. Sai da na zo makarantar nan na gane ta wace hanya karatun ya iso gare ta.

An haifi Asma'u a Ɗegel a 1793, ita da tagwaininta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804. Tana yarinya ta ga hijira da yaƙi da yunwa. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Bayan yaƙi, ƙauyuka sun cika da matan da ba su san addini ba, da yawansu kamammu ne, bori suka sani. Matan aure ba sa iya barin gida su tafi neman ilimi. To, ya za a yi? Wajen shekarun 1830 sai ta fito da dabara. Ta zaɓi dattawan mata masu mutunci daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jajin za ta taho Sakkwato da ƙafa tare da 'yan mata, su zauna gaban Asma'u su haddace waƙoƙi, su koma gida su koyar. Su ake kira 'Yan Taru. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta rabar wa mabukata.

Abin da ya fi burge ni, ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi da Larabci kan mata salihai, ita ta mayar da shi waƙa don matan karkara su fahimta. Ƙaninta Isa ya fassara waƙoƙinta da dama daga Fulatanci zuwa Hausa. Mazan ƙauyuka sun yarda iyayensu da 'ya'yansu su kama hanya. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba. Kun ga, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwa ɗalibai, mu duba halin da muke ciki fa. Tun sace 'yan matan Jangebe a 2021, iyaye da yawa a karkarar Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna tsoron tura 'ya'ya mata makaranta, malamai kuma suna gudun ƙauye. Mu da muka samu damar karatu, yawancinmu burinmu mu gama mu wuce Abuja.

Asma'u ba ta jira yara su zo birni ba, malamai ta horar daga cikin mutanen ƙauyen da kansu. Idan aka yi hutu, wallahi ba abin da zai hana kowannenmu ya nemi liman da mai unguwa da shugaban firamaren garinsu, ya tara yara goma ya koya musu karatu da lissafi. Ni dai na yi niyya, a zauren gidanmu zan fara. Allah ya jiƙan Nana, ya ba mu zaman lafiya.