Ireniyus na Liyon, Makiyayi Mai Rarrabe Gaskiya da Jabu

Abin karantawa: 1 Timothawus 6:20-21, 1 Yohanna 4:1-6, Kolossiyawa 2:6-10.

Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Idumota ya sani jabu ba ya zuwa da mummunar fuska. Yakan zo da tambari da kwali irin na ainihi, har mai saye ya kai gida kafin ya gane an cuce shi. Haka koyarwar ƙarya take a cikin ekklesiya. A wannan darasi za mu duba labarin wani bawan Allah wanda ya ƙare kwanakinsa yana koya wa masu bi yadda za su rarrabe ta da Bishara.

Yarantakarsa

An haifi Ireniyus tsakanin shekara ta 130 da ta 140 bayan haihuwar Ubangijinmu, a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Ya tashi a Samirna, ɗaya daga cikin birane bakwai ɗin nan na Ru'ya ta Yohanna. Shugaban ekklesiyar garin a lokacin shi ne tsoho Polikarbus, wanda ya zauna da Yohanna da waɗansu da suka ga Ubangiji da idonsu. Yaron nan yakan zauna ya kasa kunne. Bayan ya tsufa ya rubuta wa wani abokin ƙuruciyarsa mai suna Filorinus, wanda ya karkata ga wata koyarwa dabam. Ya tuna masa wurin da tsohon yake zama, da irin tafiyarsa, da yadda yake ba da labarin abin da ya ji daga bakin Yohanna. Wajen shekara ta 155 aka kashe Polikarbus a filin wasa na Samirna domin ya ƙi musun Kristi.

Baƙo a ƙasar Gol

Ireniyus ya bar ƙasarsu ya tafi Liyon, cikin ƙasar Gol, wato Faransa ta yau. Liyon birnin ciniki ne, a mahaɗar koguna biyu. Kamar yadda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka kawo kakanninmu daga Arewa suka zaunar da su a Agege, haka fatauci ya kai mutanen Asiya can, suna Helenanci a tsakiyar masu wani harshe. Da yawa cikin masu bi na garin irin waɗannan baƙi ne. Ireniyus ya zama dattijon ekklesiya, ya kuma saba da harshen 'yan ƙasa, har ya nemi gafarar masu karatunsa cewa kada su sa ran jin gwanintar Helenanci daga wurinsa.

A shekara ta 177, zamanin Kaisar Markus Aureliyus, tsanani ya fāɗa wa masu bi na Liyon. Shugabansu Potinus, tsoho mai fiye da shekara 90, ya mutu a kurkuku bayan duka. Wata baiwa mai suna Bilandina ta sha azaba iri iri a filin wasa, ba ta yi musun Ubangijinta ba har ta cika. 'Yan'uwan da ke tsare sun aiki Ireniyus da wasiƙa zuwa Ruma. Da ya komo, sai aka ɗora masa kiwon garken da ya ragu.

Masu da'awar sani

Takobin Kaisar ya kashe jiki, amma akwai wata cuta da ke cin garken daga ciki. Waɗansu malamai sun taso waɗanda ake kira Nostikawa, daga wata kalmar Helenanci mai ma'anar sani. Mafi suna a cikinsu shi ne Balantinus, wanda ya zo Ruma daga Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 140. Almajiransa sun ce Allah Maɗaukaki yana can nesa, ba wanda ya san shi. Daga gare shi ruhohi 30 suka fito biyu biyu, autarsu kuwa, wadda suke kira Hikima, ta yi kuskure. Daga kuskuren nan ne wani ƙaramin mahalicci ya samu, shi ya yi duniyan nan cikin jahilci. Saboda haka suka ɗauki jiki kamar kurkuku, ceto kuwa shi ne mutum ya gane akwai ɗan tartsatsin allahntaka a cikinsa, ya koyi asirin hanyar komawa sama. Suka raba 'yan adam kashi uku: na ruhu, wato su kansu, da na tsakiya, wato sauran masu bi, da na turɓaya marasa rabo. Da yawa kuma sun ce Kristi bai ɗauki jiki na gaske ba, bai kuwa sha wuya da gaske ba.

Abin da ya sa suka yi lahani shi ne suna shiga sujada tare da kowa, suna faɗin kalmomi iri ɗaya, amma ma'ana dabam. Kama da wane kuwa ba wane ba ne. Almajiran wani mai suna Markus sun shiga yankin Liyon ɗin kansa. Shi Markus yakan yi doguwar addu'a a kan ƙoƙon ruwan inabi har launinsa ya sāke, yana lissafin haruffan sunaye, yana neman mata masu dukiya ya ce zai sa su yi annabci. Waɗansu daga cikin matan da aka ruɗa sun komo suka tuba a fili. Waɗansu kunya ta hana su, suka zauna ba su ciki ba su waje. Wannan ne ya ci wa makiyayin rai.

Amsarsa

Ireniyus bai fara da zagi ba. Ya nemi littattafansu ya karanta, ya yi magana da mutanensu, sa'an nan wajen shekara ta 180 ya soma rubuta littattafai 5 domin tone abin da ake kira sani bisa ƙarya. Sunan aikin ya ɗauko shi daga gargaɗin Bulus ga Timothawus.

Da fari ya nuna cewa manzanni ba su ɓoye kome ba. Da suna da wani asiri, ai da sun danƙa shi ga mutanen da suka ba amanar ekklesiyoyi. Ya jera shugabannin ekklesiyar Ruma ɗaya bayan ɗaya har zuwa na 12, wanda ke zamaninsa, ya kuma nuna bangaskiya ɗaya ce ake shaidawa a Jamus da Sifen da Gol da Masar da Libiya, har a wurin kabilun da ba su iya karatu ba.

Na biyu, ya ce a karanta Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa. Ya kwatanta malaman nan da mutumin da ya sami surar sarki wadda aka jera da duwatsu masu daraja, ya wargaza ta, ya jera surar kare da duwatsun, yana rantsuwa sarkin ke nan. Ya tsaya a kan Bishara huɗu, ta Matta da Markus da Luka da Yohanna, ba ƙari ba ragi.

Na uku, ya koyar cewa Allah ɗaya ne ya yi halitta ya kuma yi ceto. Kristi ya ɗauki jiki irin namu, ya bi ta kowane matakin rayuwar mutum, ya gyara da biyayya abin da Adamu ya ɓata da rashin biyayya, kamar yadda Romawa 5 ta nuna. In jiki abin banza ne, don me Ubangiji ya ɗauki gurasa da ƙoƙo daga cikin halittarsa ya ba almajiransa? In kuwa bai sha wuya da gaske ba, to jinin Bilandina ya zuba a banza. Ya kuma amsa wa masu cewa rai yana ƙaura daga jiki zuwa jiki: in haka ne, me ya sa ba wanda ke tuna abin da ya yi a wancan zuwan? Duk da haka ya rubuta cewa yana yi wa ɓatattun addu'a su komo.

Ƙarshen kwanakinsa

Ma'anar sunansa mai salama, ya kuwa ci sunan. Wajen shekara ta 190 Biktor, shugaban ekklesiyar Ruma, ya so ya yanke zumunci da ekklesiyoyin Asiya saboda bambancin ranar Idin Tashin Ubangiji. Ireniyus ya rubuta masa cewa magabata sun bambanta a kan wannan, amma suka zauna lafiya. Ya san abin da ya isa a tsaya a kai da abin da bai isa ya raba 'yan'uwa ba. Ya rasu wajen shekara ta 202.

A shekara ta 1945 wani manomi ya tono tulu kusa da Naj Hammadi a Masar, a ciki akwai kundi 13 masu ɗauke da rubuce-rubuce fiye da 50, yawancinsu na Nostikawa. Da masana suka gwada su da bayaninsa, sai suka tarar a wurare da yawa ya faɗi koyarwarsu daidai. Littafin da ake kira Bisharar Yahuda, wanda ya ambata, an buga shi a shekara ta 2006.

Abin koyi gare mu

A Ikko za ka sadu da ƙungiyoyin neman sanin ruhaniya. Akwai AMORC, wadda aka kafa a Amurka a shekara ta 1915, da Eckankar ta shekara ta 1965, da masu bin saƙon Grail, waɗanda ke da mazauni a tudun Iju, ba nisa da Agege. Ba ɗaya suke ba, ba kuwa za a ce daga hannun Balantinus suka karɓi koyarwarsu ba. Amma dukansu suna koyar da komowar rai cikin wani jiki, abin da ya saɓa wa Ibraniyawa 9:27. Mutanensu maƙwabtanmu ne da abokan cinikinmu. Ya ɗan'uwa, bi gurbin Ireniyus: ka san abin da suke faɗa kafin ka amsa, kada ka ƙaga musu abin da ba su ce ba, ka auna kome da Littafi, ka kuma yi musu addu'a. Bisharar da aka ba mai digiri ita ce aka ba mai dako a ƙarƙashin gadar Kata, ba wani ɗaki na ciki da aka kulle masa.

Tambayoyi

1. Bisa ga 1 Yohanna 4:1-3, da me za a gwada kowane ruhu?
2. Karanta Yohanna 18:19-21. Me wannan ya nuna game da masu cewa Yesu ya bar koyarwar ɓoye?
3. In wani ɗan'uwa ya shiga irin wannan koyarwa, kunya kuma ta hana shi komowa, yaya ƙungiyarku za ta taimake shi?