Farfesa Fabian Udekwu: malamin lissafin Anaca da ya jagoranci tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya

Ranar 1 ga Fabrairun 1974, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu, wata tawagar likitoci ta tsaga ƙirjin wani majinyaci, ta karkatar da jininsa zuwa cikin na'ura, ta yi gyara a cikin zuciyarsa, sannan ta mayar wa zuciyar da aikinta. Ba a taɓa yin haka a Najeriya ba. Shekara huɗu ke nan kacal da kammala yaƙin basasa, garin kuma bai gama farfaɗowa ba. Jagoran tawagar shi ne Farfesa Fabian Anene Ositadimma Udekwu, mutumin da ya fara neman abinci da alli da allo kafin ya riƙe wuƙar fiɗa.

An haife shi a 1928 a Enugwu-Agidi, cikin Jihar Anambra ta yanzu. Ya yi karatu a Kwalejin Horar da Malamai ta Saint Charles da ke Anaca, kuma da ya gama a 1947 sai makarantar ta riƙe shi yana koyar da lissafi da labarin ƙasa. A wancan zamani ɗan talaka da ya zama malami ya kai gaci a idon dangi. Shi bai tsaya nan ba. Ya yi karatun jarrabawar shiga jami'a ta Landan ta hanyar wasiƙa, ya riƙa tara abin da ya rage daga albashinsa, har ya tashi zuwa Amurka a 1950. Ya fara da ilimin halittu da sinadarai a birnin Los Angeles, daga nan ya shiga makarantar likitanci ta Jami'ar Loyola a Shikago, ya fito likita a 1957.

Horon fiɗa kuwa a Asibitin Cook County na Shikago ya same shi, asibitin talakawa da marasa galihu, inda masu raunin wuƙa da harsashi ba sa yankewa. Wurin yana da nasa tarihin a sha'anin jini: a nan ne Dakta Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a 1937, wadda ta zama abin koyi ga asibitocin Amurka. Udekwu ya kammala ƙwarewa a fiɗar ƙirji da zuciya a 1964. Likita mai irin wannan takarda yana iya zamansa a can ya yi arziki. A 1965 ya dawo gida, ya kama aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan.

Bai daɗe ba ƙasar ta rikice. Bayan juyin mulki biyu da kashe-kashen 1966, kowa ya kama hanyar yankinsu: 'yan Gabas suka bar Arewa da Yamma, Hausawan Anaca da Fatakwal da Inugu su ma suka yo Arewa, alhali a Inugun ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya taɓa zama magajin gari na farko a shekarun 1950. Udekwu ya koma Gabas. A tsawon yaƙin, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, ya yi aikin likitan fiɗa a ɓangaren Biyafara, ya kuma shugabanci asibitin koyarwa da ya riƙa ƙaura yayin da fagen daga ke matsowa, daga Inugu har zuwa Emekuku kusa da Owerri. Mutumin da aka horar don gyaran ƙyauren zuciya ya shafe wata talatin yana ciro harsashi da ɗinke hanji, cikin ƙarancin magani da jini da abinci.

Da yaƙi ya ƙare ya zama shugaban sashen fiɗa a asibitin koyarwa na Inugu, ya gina sashen kusan daga tushe. Daga nan ya ɗauko burin da mutane da yawa suka ga bai dace da lokacin ba.

Kafin a gane nauyin wannan buri, sai an san abin da zuciya take yi. Duk mahaucin da ya taɓa tsaga zuciyar sa, a Garkin Inugu ko a mayankar Trans-Amadi inda Hausawa suka daɗe suna fawa a Fatakwal, ya san ba dunƙulen tsoka ba ce kawai. Ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama biyu a hagu, da bango a tsakani, da wasu siraran fatu da ke buɗewa su rufe kamar ƙyaure don kada jini ya koma baya. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauko oksijin. Ɓangaren hagu, wanda ya fi kauri, shi ke karɓar wannan jini ya harba shi cikin babbar jijiya zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da yatsun ƙafa. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, kuma ko yana kwance zuciya tana tura kusan wannan adadi a kowane minti, tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da dare.

An daɗe kafin a fahimci hakan. Jalinusu, likitan Girkawa, ya koyar cewa jini yana ratsa bangon tsakiya ta wasu ƙananan kafofi, aka yi fiye da shekara dubu ana maimaitawa. Ibn Nafis, malamin Dimashƙa da ya zauna a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya rubuta a sharhinsa kan littafin Ibn Sina cewa babu wata kafa a bangon, ta huhu jini yake bi. William Harvey na Ingila ya bayyana cikakken zagayen a 1628. Abin lura shi ne, kafar da Jalinusu ya zata halitta ce ana samunta, amma a matsayin cuta: ita ce ramin zuciya da ake haihuwar wasu yara da shi, su riƙa haki, su ƙi girma.

To yaya za a ɗinke rami a cikin abin da ba ya tsayawa, alhali ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintoci? Amsar ta fito daga John Gibbon, wanda a ranar 6 ga Mayun 1953 a Filadelfiya ya rufe ramin zuciyar wata budurwa mai shekara 18, yayin da na'urar da ya ƙera take yin aikin zuciya da huhu. Ana zuƙe jini ta bututu kafin ya shiga zuciya, na'ura ta zuba masa oksijin, famfo ya mayar da shi babbar jijiya. Da yake jini yana daskarewa da zarar ya taɓa abin da ba jijiya ba, sai an ba majinyaci maganin hefarin, a kuma warware shi da wani maganin idan an gama. Ana buƙatar jini mai yawa wanda rukuninsa ya dace, domin garkuwar jiki tana far wa jinin da ba nata ba, kamar yadda Karl Landsteiner ya gano a 1901. Ana buƙatar ƙwararren mai sa barci, da mai kula da na'ura, da ma'aikatan jinya da za su kwana a kan majinyaci, da wutar lantarki da ba za ta ɗauke ba ko na minti ɗaya. Wanda ya san Najeriya ya san wanne ne ya fi wuya a cikin waɗannan.

Masu sukar shirin suna da hujja. Ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda ke kashe yara, me ya kai ta tiyatar da kuɗinta zai sayi rigakafin gari guda? Sai dai ciwon zuciyar da likitocin wannan yanki ke gani ba na attajirai ba ne. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro daga wata ƙwayar cuta, ba a ba shi fenisilin ba, sai garkuwar jikinsa, garin yaƙar ƙwayar, ta juya kan ƙyamaren zuciyarsa. Bayan shekaru ƙyauren ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo, saurayi ko mai juna biyu su kasa hawa 'yar tudu, ƙafa ta kumbura. Idan abin ya kai nan, magani sassauci kawai yake yi. Wanda iyayensa ke da hali a kai shi Landan, saura su jira ajali.

Udekwu ya nemi tallafi a Amurka da Birtaniya da ƙasashen arewacin Turai da ƙungiyoyin coci, bai samu abin da yake nema ba. Da kuɗin jami'a da gudummawar ɗaiɗaikun 'yan Najeriya aka gina ɗakin tiyata aka sayo kayan aiki. Ya gayyato Magdi Yacoub, likitan nan ɗan Masar da ke aiki a Asibitin Harefield na Ingila, wanda daga baya ya shahara a dashen zuciya. Tare da su akwai C. H. Anyanwu da D. C. Nwafor, waɗanda suka zama farfesoshi, suka kuma ɗora daga inda aka tsaya. Aikin ya yi nasara.

Sau da yawa ana rubuta cewa wannan ita ce ta farko a duk Afirka baƙar fata. Gaskiya ta fi yabo: Farfesa Charles Easmon ya rufe ramin zuciya a Asibitin Korle Bu na Ankara tun 1964, ta hanyar sanyaya jikin majinyaci, Christiaan Barnard kuma ya yi dashen zuciya a birnin Cape Town a Disambar 1967. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, a Najeriya Inugu ce ta fara, kuma ɗan ƙasa ne ya shirya abin daga farko har ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar farkon nuna halin da ake ciki. Daga 1974 zuwa 1980 an ƙara yin tiyata shida ne kawai a ƙarƙashin Udekwu. A 1984 Gwamnatin Tarayya ta ayyana asibitin a matsayin cibiyar ƙasa ta fiɗar zuciya da ƙirji, amma ba a jima ba darajar naira ta faɗi, alhali komai, daga bututu zuwa ƙyauren roba, daga waje ake sayo shi. Ƙwararru suka riƙa tafiya Saudiyya da Turai. Lissafin da likitocin cibiyar suka wallafa ya nuna tiyata 102 tsakanin 1974 da 2000, wato kimanin huɗu a shekara, adadin da babban asibiti a Indiya yake wucewa a rana guda. Lokacin da aka gano matsala a ƙyauren zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, jim kaɗan bayan zinaren Atlanta, a birnin Cleveland na Amurka aka yi masa aiki. Gidauniyar da ya kafa a 2000 ta tura yara da dama waje, ta kuma kawo likitoci Inugu suka yi aiki.

Waɗanda suka zauna a garin sun san Udekwu a wasu wurare ban da asibiti. Ɗan Katolika ne mai riƙo da addininsa, yana kaɗa molon coci yana jagorantar mawaƙa a babbar majami'ar Holy Ghost, yana kuma buga wasan tanis. Matarsa 'yar Suwidin ce, sun yi aure tun yana ɗalibi a Amurka. Babban abin da ya bari shi ne likitocin fiɗar da suka bi ta hannunsa, waɗanda suka bazu a asibitocin ƙasar nan da na waje.

Ya rasu a watan Nuwamban 2006 yana da shekara 78. A shekarar da ta biyo baya asibitin ya ƙaura zuwa sabon mazauninsa a Ituku-Ozalla, a bayan gari, kafin a gama shirya ɗakunan fiɗar zuciya, aikin ya tsaya cik na tsawon shekaru. Sai a 2013 aka sake tayar da na'urar, da taimakon tawagogin likitoci masu zuwa daga ƙasashen waje.