Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya haɗa ilimi da aikin hannu

Jama'a 'yan kasuwa, maza da mata, yau za mu tuna da Furofesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa.

An haife shi a Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, daga nan ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyyar fizik. A 1964 ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya tana koya wa yaro ta hanyar sa shi aiki tare da manya, alhali makarantar Nasara ta raba karatu da zaman yau da kullum. Ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunan gida.

Bai tsaya ga rubutu ba. Bayan ya yi aikin binciken hasken rana a Bamako, ya komo gida a 1969 ya shugabanci ofishin ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai. Allah ya yi masa rasuwa ran 7 ga Afrilu 1991.

To mu dubi gidajenmu. Yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli a kasuwar Kanambakashe ta san dala ashirin tamma ɗari ce, ta san jikka dala ɗari biyu ce, kuma ba a cutarta a canji. Amma a aji, in aka rubuta mata wannan lissafin da Faransanci, sai ta daburce, har a ce ba ta da kai a cire ta daga makaranta.

Kada mu cire ta. Mu ba ta tiya ta auna hatsi, ta rubuta kuɗin saye da na sayarwa, ta fitar da riba da kanta. Mu roƙi malamai su ma su shigo da tiya da igiyar awo cikin aji. Irin karatun da marigayin ya nema wa 'ya'yanmu ke nan. Allah ya jiƙansa, amin.