Parvin E'tesami: Mawaƙiyar Iran da aka yi shakkar ko ita ta rubuta waƙoƙinta

A watan Afrilun 1941 ne zazzaɓin taifot ya yi ajalin Parvin E'tesami a birnin Tehran, tana da shekara 34 a duniya. Littafin waƙoƙi ɗaya tak ta bari, amma ya wadatar wajen sanya ta cikin sahun manyan mawaƙan harshen Farisanci.

An haife ta a birnin Tabriz a shekarar 1907. Mahaifinta, Yusuf E'tesami, marubuci ne kuma mai fassara, shi ne kuma ya kafa mujallar Bahar. A wurinsa ta koyi Larabci da adabin Farisa, a mujallarsa kuma aka fara buga waƙoƙinta tun tana budurwa. A 1924 ta kammala makarantar 'yan mata ta Amurkawa da ke Tehran.

A 1934 aka ɗaura mata aure da wani ɗan'uwan mahaifinta, ta tare a Kermanshah, sai dai auren bai wuce 'yan watanni ba. Bayan shekara guda aka buga diwaninta, da gabatarwar shahararren mawaƙi Muhammad Taqi Bahar.

Marigayiyar ta yi fice a salon muhawara, wanda tsoho ne a adabin Farisa, inda take sa abubuwa biyu su yi gardama, kamar tafarnuwa da albasa. Ta wannan hanya ta soki azzaluman sarakuna da alƙalai masu cin hanci, ta kuma bayyana halin marayu da talakawa, a zamanin da gwamnatin Sarki Reza Shah ba ta lamuntar suka.

Ƙwarewar tata ce ta jawo mata zargi. Wasu sun yi ta cewa mace ba za ta iya tsara irin waɗannan baitoci ba, suna danganta su ga mahaifinta. To amma bayan rasuwarsa a 1938 ta rubuta masa waƙar ta'aziyya, wadda ake lissafawa cikin fitattun waƙoƙinta.

Kamar yadda Nana Asma'u ta yi amfani da waƙa wajen ilmantar da mata a Daular Sakkwato, haka Parvin ta yi kira da a bai wa matan Iran ilimi.

An binne ta a birnin Qum, kusa da mahaifinta. Baitocin da aka zana a kan kabarinta ita ce ta tsara su da kanta.