Edogawa Ranpo: Mai tallar taliyar da ya zama uban labaran binciken laifi a Japan

Kafin sunansa ya shiga bakin jama'a, babu sana'ar da ta daɗe a hannun Hirai Taro. An haife shi ranar 21 ga Oktoban 1894 a garin Nabari da ke lardin Mie, ya kuma kammala karatun tattalin arziki a Jami'ar Waseda a 1916. Daga nan ya shiga faɗi-tashin neman abin sakawa a baka. Ya yi aiki a wani kamfanin fatauci a Osaka, ya koma ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Toba, ya buɗe shagon tsofaffin littattafai a Tokyo tare da ƙannensa, har ta kai shi ga tura kurar taliya yana talla a titi.

Abu guda ne bai taɓa sakewa ba, wato karatun ƙagaggun labaran binciken laifi na Turawa. Don tsananin ƙaunar da yake wa marubucin Amurka, Edgar Allan Poe, sai ya lanƙwasa sunan ya dace da harshen Japanawa, ya zama Edogawa Ranpo.

A wancan zamani mujallar Shinseinen ta kamfanin Hakubunkan ta dogara ne da fassara labaran Ingila da Amurka, don ana ganin irin wannan rubutu gadon Turawa ne. A 1923 editanta, Morishita Uson, ya buga gajeren labarin Ranpo mai suna Nisen Doka, kan wani kwabon tagulla da aka ɓoye saƙon sirri a cikinsa. Sirrin kuwa an gina shi ne da kalmomin wata addu'ar mabiya Buddha da rubutun makafi na Japan, abin da babu wani Bature da zai iya ƙirƙiro shi. Bayan shekara biyu ya fito da Akechi Kogoro, mai binciken da har gobe Japanawa ke ambato, sannan a 1936 ya fara rubuta wa yara labarin ɓarawo mai fuskoki ashirin.

Yaƙi ya dakushe shi. A 1939 masu tace littattafai suka sa aka cire labarinsa Imomushi, wanda ke magana kan sojan da ya dawo daga fagen fama ba hannuwa ba ƙafafu, matarsa na jinyarsa. Gwamnatin da ke tura samari bakin daga ba za ta lamunci irin wannan hoto ba, kuma a hankali littattafansa suka ɓace daga kasuwa.

Bayan 1945 bai ƙara rubuta abin da ya kai na ƙuruciyarsa ba, amma a nan ne ya yi aikin da ake iya cewa ya fi nasa rubutun tasiri. A 1947 ya kafa ƙungiyar marubutan labaran bincike. A 1954, da ya cika shekara 60, ya ba ƙungiyar yen miliyan 1 daga aljihunsa don a kafa lambar yabo da sunansa. Karo na biyu, a 1956, kamfanin Hayakawa aka ba, saboda jerin fassarorin da yake bugawa. Daga 1957 aka mayar da ita gasar littattafan da ba a taɓa bugawa ba, wanda ya ci kuma a buga masa. Mace ce ta fara lashewa, Niki Etsuko, wadda ciwon ƙashin baya ya kwantar tun tana ƙarama, kuma littafinta ya yi kasuwa sosai.

A shekarar ce kuma ya karɓi ragamar mujallar Hoseki da bashi ya yi wa katutu. Dattijon da ya kai shekarun hutu ya koma zaman edita, yana bin marubuta yana roƙon labari, yana cike giɓi da kuɗinsa. Bai tsaya kan labaran kisa da sata kaɗai ba, ya buɗe ƙofa ga ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda a lokacin ba su da kasuwar kirki a ƙasar. A 1957 Hoseki ta ɗauko labarin Hoshi Shinichi daga wata ƙaramar mujallar masu sha'awa ta sake bugawa. A 1960 Ranpo ya ci karo da wata mujallar da Tsutsui Yasutaka ya haɗa da mahaifinsa da ƙannensa, ya buga labarinsa. Su biyun sun zama cikin manyan jigogin wannan fanni a Japan.

Duk da haka mujallar ba ta tsira ba, ta rufe a 1964. A lokacin rashin lafiya ya riga ya ci ƙarfinsa, ya kuma rasu ranar 28 ga Yulin 1965 yana da shekara 70. Gasar da ya kafa tana nan, kamfanin Kodansha na buga littafin wanda ya ci. Gidansa na unguwar Ikebukuro, tare da rumbun da ya tara littattafansa, wanda ya tsira daga luguden wutar 1945, yanzu yana hannun Jami'ar Rikkyo.